Kayan Yayana ko Sababbi? Tambayar Mai Shirin Fita Dutse Karon Farko

Assalamu alaikum. Na kai wata 8 ina hawa a bangon atisaye na cikin zaure, har na koyi jan gaba, wato hawa ina maƙala igiya da kaina yayin da nake yin sama. Amma a can kwikdiro, wato karabinoni biyu (zoben ƙarfe mai ƙofa) haɗe da maɗaurin zare, waɗanda ke haɗa igiya da ƙusar da aka kafa a bango ko dutse, a rataye suke tun farko, ni dai igiya kawai nake maƙalawa. Nan da mako 3 za mu fita dutsen gaske karon farko, mu huɗu, ciki har da wani da ya daɗe a harkar, shi zai jagorance mu. An ce kowa ya zo da kayansa. Yayana ya yi hawa a da ya daina, sai ya ɗauko mini kwikdiro 10 da ya ajiye a jaka sama da shekara 12, yana ta murna wai na gaje shi. A ido lafiyarsu lau, sai dai wasu sun ɗan koɗe. Abokin hawana kuma ya ce in rabu da tsofaffin kaya, ya nuna mini wasu a intanet marasa nauyi, masu ƙofar waya da siririn maɗauri, ga araha, amma ban taɓa jin sunan kamfanin ba. Kuɗina ba su da yawa. Ina jin nauyin ce wa yayana a'a, ina jin kunyar tambayar jagoranmu kada ya ga ban san komai ba, kuma gaskiya ina tsoron faɗuwa a kan abin da ban amince da shi ba. Guda nawa nake bukata, wane iri, wane tsawo?

Daga wani mai koyon hawa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da tsoron, tunda shi ka bari a ƙarshen wasiƙarka alhali shi ya sa ka rubuto. Tsoro ne mai hankali, kuma yana da illa ta zahiri a kan dutse. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abin da ke riƙe da shi ba yakan damƙe dutse fiye da kima, hannuwansa su gaji tun bai je ko'ina ba, sai ya shiga jawo igiya da gaggawa yana son maƙalawa daga inda ƙafarsa ba ta zauna ba. A daidai irin wannan lokacin ne sabon shiga yake zamewa da igiya sake a hannu. Saboda haka muna so ka fita da kayan da ba za ka sake tunaninsu ba da zarar ƙafarka ta bar ƙasa.

Idan sababbi za ka saya, ga abin da za mu ce maka kai tsaye. Ka nemi guda 12 na kamfanin da aka sani da kayan hawa. Karabinonin su zama manya, masu hanci sumul marar ƙugiya, musamman ta ɓangaren ƙusa. Maɗaurin ya zama mai faɗi da kauri. Kamar 8 su kasance gajeru, santimita 11 ko 12, sauran 4 kuma masu santimita 17 ko 18. Kada nauyi ya dame ka ko kaɗan. Amma kafin ka fitar da ko sisi, ka ƙarasa karanta wannan, domin mai yiwuwa ba sai ka sayi duka ba, kuma kyautar yayanka ba ta tashi a banza ba.

Sai ka fahimci dalilin da ya sa kawunan kwikdiro biyu ba iri ɗaya ba ne, domin kusan duk sauran maganar daga nan take fitowa. Karabinar sama ita ce ke shiga kunnen ƙusar da aka kafa a dutse. An bar ta sake a cikin maɗaurin, tana wasa, don idan igiya ta motsa kwikdiron kada ya murɗa ta a jikin ƙusa har ta juya ta zauna a karkace. Karabinar ƙasa ita ce ta igiya, an kama ta da 'yar roba don ta tsaya cak, kada ta juya lokacin da kake tura igiya da hannu ɗaya. Sau da yawa ƙofarta a lanƙwashe take don igiya ta faɗa ciki da sauƙi. Kunnen ƙusa baƙin ƙarfe ne mai gefe, karabina kuwa alminiyam ce, ta fi shi taushi, duk faɗuwa sai ya bar mata 'yan tsage-tsage da ƙaiƙayi a ciki. Idan wata rana aka juya kwikdiro aka sa igiya a wannan karabinar, waɗannan tsagen za su riƙa cin rigar igiyar. Shi ya sa ba a musanya su har abada, kuma shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba su launi daban-daban. Ga sabon shiga wannan bambancin launin ba ado ba ne, yana hana kuskure lokacin da hannu ya gaji ido ya rufe.

Yanzu ga batun abokinka. Ya yi gaskiya a rabi: zare da ya shekara 12 abin shakka ne. Inda ya kauce shi ne sunan da ba a sani ba, da kuma neman rashin nauyi. Karabinar hawa ta gaskiya tana ɗauke da rubutu a gadon bayanta. Za ka ga lambobi uku da alamar kN, kowane kN 1 kuwa ya yi kusa da nauyin kilo 100 a rataye. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12275 ta ce karabina irin ta kwikdiro dole ta ɗauki aƙalla kN 20 a tsawonta idan ƙofa na rufe, kN 7 idan ƙofa na buɗe, da kN 7 idan nauyi ya faɗo mata a kwance. Maɗaurin kuma yana ƙarƙashin EN 566, mafi ƙarancin ƙarfinsa kN 22. Za ka ga alamar CE da lambobi huɗu a gefenta, wasu kuma suna da tambarin UIAA, ƙungiyar hawan duwatsu ta duniya, wadda ke da jerin kayan da ta tantance a shafinta na intanet. Matsalar ita ce, buga waɗannan alamomin a jikin ƙarfe ba shi da wuya ga mai son ha'inci, kuma kai ba ka da injin gwaji a gida. Abin da ke tsaya maka shi ne sunan kamfanin da amincin wanda ya sayar maka. Petzl, Black Diamond, DMM, Edelrid, Camp, Mammut, duk sanannu ne, kuma kowannensu yana da samfuri mai sauƙin kuɗi wanda ƙarfinsa bai gaza na mai tsadar ba. Abin da ƙarin kuɗi ke saya maka a wurinsu shi ne sauƙin nauyi da daɗin hannu, ba tsaro ba. Ka ɗauki mafi araha a cikin sanannu, ka bar mafi araha a duk kasuwa.

Ka lura da tazarar da ke tsakanin 20 da 7. Faɗuwar yau da kullum a kan igiyar hawa mai miƙewa ba ta kusantar kN 20, ko kusa. Idan aka ji karabina ta karye, kusan kullum za a tarar ba a daidai take zaune ba: ko ƙofa ta buɗe, ko ta juya a kwance, ko tana kwance a kan gefen dutse nauyi ya lanƙwasa ta, ko kuma hancinta ya sarƙe a kunnen ƙusa. Wannan na ƙarshen ya fi duka muni, domin a haka tana iya karyewa da ƙarfin da bai kai ko na buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Shi ya sa muka dage a kan hanci sumul. Yawancin karabinoni masu ƙofar waya, musamman masu araha, suna da 'yar ƙugiya a hanci inda wayar ke zama. Ƙugiyar nan tana kama kunnen ƙusa, tana kama madaukin ɗamarar hawa da ke ƙugunka lokacin da kake ƙoƙarin zaro ta, tana kuma ba ka wahala lokacin kwance kaya a dutsen da ya rankwafo. Ba wai ƙofar waya aibi ba ce. Da yake ba ta da nauyi, ba ta cika buɗewa da kanta ba idan karabina ta bugi dutse ko igiya ta girgiza ta, kuma ba ta daskarewa a sanyi, shi ya sa masu hawan ƙanƙara da dogayen tsaunuka ke son ta. Idan ka ga samfuri mai ƙofar sanda sumul a sama da ƙofar waya a ƙasa, ya yi. Wanda muke hana ka shi ne mai ƙugiya ta ɓangaren ƙusa.

Nauyin da abokinka ke yabawa kuwa, mu yi lissafi. Kwikdiro marar nauyi yakan kai giram 65 zuwa 70, mai kauri kuma giram 95 zuwa 110. A guda 12 bambancin kusan rabin kilo ne kawai, kuma yana raguwa duk ƙusar da ka wuce. Wanda zai yini yana tafiya da kaya a baya kafin ya isa gindin tsauni, wannan rabin kilon yana da ma'ana a wurinsa. Kai da za ka hau mita 20 ka sauko, abin da za ka samu a madadin shi ne ƙaramar karabina mai ƙaramin baki, wadda yatsunka da igiya za su riƙa cunkushewa a cikinta. Nemi wadda bakinta ke buɗewa kamar milimita 24 zuwa 27. Idan da hali ka riƙe ta a hannu kafin ka saya, ka gwada da dama da hagu, ka ji ko ƙofar tana da taurin da ya yi maka. Hannu ya bambanta, wadda ta yi wa wani daɗi tana iya zame maka.

Maɗauri ma haka. Siririn maɗauri na zaren Dyneema mai milimita 10 ko 11 ƙarfinsa ɗaya da na nailan mai milimita 18 zuwa 25, amma yana lanƙwashewa yana murɗewa, karabinar ƙasa ta riƙa guje wa hannunka. Mai kaurin yana tsayawa a miƙe, kuma idan ka ga za ka faɗi kafin ka maƙala igiya, yana da wurin kamawa. Ba kunya a kama maɗauri. Abin da ba a yi shi ne kama karabinar kanta ana cikin faɗuwa, ko zura yatsa a kunnen ƙusa. Duk biyun suna raunata hannu mummunan rauni.

Tsawo yana da nasa aikin. Gajere ya dace da layin da ƙusoshinsa ke miƙe, ya kuma dace da ƙusoshin farko, inda kowane santimita na ƙarin faɗuwa yake kusantar da kai ƙasa. Amma dutsen gaske ba bangon zaure ba ne, ƙusoshi suna bin inda dutse yake da ƙwari, wata dama wata hagu. Idan ka sa gajeru duka, igiya ta riƙa zigzag tana gogar karabinoni, kafin ka kai sama ka ji kamar ana janyo ka ta baya. Dogon kwikdiro a kan ƙusar da ta fita daga layi, ko wadda ke ƙarƙashin rufi, yana miƙar da igiyar. Haka nan idan ka rataya gajere ka ga karabinar ƙasa ta kwanta daidai kan gefen dutse, cire ka sa dogo don ta sauka ƙasa da gefen ta rataya a iska. Akwai masu santimita 25, akwai kuma wanda ake haɗawa da maɗauri mai santimita 60 a naɗe uku. Ba ka bukatar su yanzu, idan layin ya nemi haka jagoranku zai zo da su.

Yawan kuma ba a ƙiyasta shi da ka. Ƙirga ƙusoshin layin, ka ƙara 2 na matsayar sama, wato inda layin ke ƙarewa ake rataya igiya don saukowa, ka ƙara 1 ko 2 don wanda zai suɓuce ya faɗo ko ƙusar da ba ka hango daga ƙasa ba. Littafin jagoran wurin yakan faɗi tsawon kowane layi, sau da yawa har da adadin ƙusoshi. A layukan mita 15 zuwa 25, inda masu koyo suka fi yawa, 12 sukan isa. Idan wurin na dogayen layuka ne, mita 30 zuwa 35, za ka iya bukatar 16 ko fiye. Ga kuma abin da bai zo a wasiƙarka ba: mutum ɗaya ne ke jan gaba a kan igiya ɗaya a lokaci guda. Ku huɗu, igiya biyu, saiti biyu kawai kuke bukata. An saba sayar da kwikdiro a ƙunshi na 5 ko 6, to me zai hana kai ka sayi ƙunshi ɗaya na gajeru, abokinka ya sayi ɗaya na dogaye, ku haɗa? Wannan ya rage maka kuɗi da rabi, ya kuma jawo shi cikin shawarar maimakon gardama. Ka tuna masa cikin raha cewa duk abin da ka saya, shi ma a kansa zai faɗi. Kowa ya sa wa nasa alama da ɗan tef mai launi a gadon bayan karabina, ba a ƙofa ba, ba inda igiya ke bi ba, kuma kada a rubuta komai da alƙalami ko fenti a jikin maɗauri.

Mu dawo kan yayanka, domin a nan zuciyarka ta fi nauyi. An ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga ƙarfen da ke cikin jakar nan maganar tana iya zama gaskiya. Alminiyam ba ya tsufa don zama a jaka, amfani da tsatsa ne ke cinye shi. Zare kuwa yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. Yawancin kamfanoni suna sa iyakar shekara 10 daga ranar ƙira ga duk kayan zare, ko da sabo ne fil a leda. Naka sun wuce 12 a ajiye, ban da shekarun da ya yi yana hawa da su, kuma koɗewar da ka gani alama ce ta rana ta ci su. Maɗauran nan sun gama aiki, babu ja a wannan. Amma ana sayar da maɗauri shi kaɗai, kuɗinsa kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da cikakken kwikdiro.

Don haka ba a'a za ka ce masa ba. Ka je masa a matsayin ƙane mai neman sani, ka ce: "Yaya, an ce zaren yana da wa'adi, zan sa sabo, amma ina so ka zauna mu duba ƙarafan tare, kai ka san tarihinsu." Kuma da gaske shi kaɗai ya sani, wannan ne ya sa kayansa suka fi na hannu da za ka saya wurin baƙo. Tambaye shi inda jakar ta zauna, ko ta taɓa kusantar batirin mota ko wani sinadari, ko ya yi hawa da su a bakin teku, ko akwai wadda ta taɓa faɗowa daga sama sosai. Mutumin da ya yi hawa ya san wa'adin zare, da wuya ya ji haushi. Abin da yake so shi ne ya ga yana da hannu a tafiyarka, kuma wannan zaman ya ba shi fiye da miƙa jaka.

Ga yadda za ku duba kowace karabina. Buɗe ƙofar ka sake ta a hankali, sau da yawa, daga buɗewa kaɗan da kuma buɗewa duka. Dole ta rufe da kanta kowane karo, ta zauna daidai a hanci ba ta goce gefe ba. Wadda ta yi kasala a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ta bushe, a ɗiga mata ɗan mai a gaɓar a goge ragowar. Idan ba ta warware ba, a cire ta. Duba 'yar ƙusar da ke riƙe ƙofar, kada ta yi sako-sako ko ta lanƙwashe. Sannan kwarin da igiya ke ci: idan zurfinsa ya kai milimita 1, ko gefensa ya yi kaifi, ta gama. Ja ɗan auduga a cikin karabinar, duk inda ya sarƙe akwai ƙaiƙayi. Tsaga, lanƙwasa, ko farin gari mai cin jikin ƙarfe, duk a cire ba tare da shawara ba. Ku ware na ƙusa daban da na igiya, na ƙusa za ka ga tsage-tsage a cikinsu, na igiya kuma sun yi santsi suna sheƙi. Ka kuma bincika sunan samfurin a shafin kamfanin ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Tsofaffin maɗauran a yanka su da almakashi kafin a zubar, kada wani ya tsinta ya ɗauka na amfani ne. Idan karabinonin masu ƙugiya ne a hanci, kamar yadda da yawa na wancan lokacin suke, ka bar su a matsayin ƙari da na matsayar sama, sababbin su yi aikin layi.

Nan ne za mu ɗan ɗaga murya. Haɗa kwikdiro da hannu yana da tarko guda mai kisa. Karabinar ƙasa dole ta ratsa madaukin maɗaurin da aka ɗinka, sannan ta ratsa robar. Idan ta ratsa robar kaɗai, a ido komai daidai yake, tana rataye lafiya, har igiya za ta shiga, amma robar ba ta ɗaukar nauyin mutum. A shekarar 2013, a Orpierre ta Faransa, wani yaro ɗan Italiya mai shekara 12 da ya yi suna a hawa, Tito Traversa, ya faɗo, daga baya ya rasu, saboda kwikdiron da aka ba shi an haɗa da yawansu ta wannan kuskuren. Bayan ka haɗa kowane ɗaya, janye robar gefe ka ga zaren a kan ƙarfe da idonka, sannan ka miƙa wa wani ya sake dubawa. Ko sababbi ne daga kamfani, ka yi musu wannan duban. Kada kuma ka sa roba a karabinar sama, kada ka ɗaura roba a buɗaɗɗen maɗauri mai dogon zobe, domin a can ma zare yana iya fita roba ta ɓoye maka. Ƙofofin biyu su kalli gefe ɗaya.

Jagoranku kuwa, kunyar da kake ji ta juye ne. Wanda ya daɗe a harkar nan ba mai tambaya yake tsoro ba, mai shiru yake tsoro, wanda sai an kai gindin dutse ake gano bai san abu ba. Kira shi a wannan makon. Tambaye shi tsawon layukan da za ku hau da yawan ƙusoshinsu, tsawon igiyar da ake bukata, irin matsayar da ke sama, wa zai rataya kwikdiro a hawan farko, wa kuma zai kwance kaya a ƙarshe. Mai yiwuwa ya ce maka yana da saiti biyu, ka zo da hular kwano da ɗamara da takalmi kawai. Idan haka ne ka karɓa, ka yi amfani da ranar wajen taɓa kayan mutane daban-daban, ka saya daga baya da sanin abin da hannunka ke so. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne tak, hular kwano ta riga kwikdiro, domin kwikdiro ana aro cikin sauƙi, dutse kuma yana zubo da tsakuwa, kuma faɗuwa da ƙafa a bayan igiya tana kifar da mutum kai ƙasa.

A makonni ukun nan akwai aikin da ya fi saye muhimmanci. A zaure motsi ɗaya kake yi, a dutse biyu ne: zaro kwikdiro daga ɗamara ka sa a ƙusa, sannan ka jawo igiya ka maƙala, duk da hannu ɗaya yana riƙe da kai. Rataya ɗaya a gida daidai ƙirjinka, ka yi ta maimaitawa da dama da hagu, ƙofa na kallon nan da can, har hannu ya haddace. A ɗamara ka rataye su ta karabinar ƙusa, rabi dama rabi hagu, gajeru a gaba. Igiyar da ta taso daga mai riƙe maka ta shiga karabina ta ɓangaren dutse, ta fito ta gaba zuwa gare ka. Idan aka yi akasin haka, a faɗuwa igiyar tana iya kwantawa kan ƙofa ta buɗe ta ta fice. Idan layin zai karkata dama bayan ƙusar, ƙofa ta kalli hagu, idan hagu zai yi ta kalli dama. Inda ƙusoshi ke kusa da juna, ka kamo igiya daga kullin ɗamararka ka zame hannu, kada ka kamo ta daga ƙasan kwikdiron baya, in ba haka ba za ta yi maka ƙulli mai siffar Z, ka kasa gaba, kuma sabon kwikdiron bai kare ka da komai ba. Ƙusa ta biyu da ta uku su ne mafi haɗari, domin idan ka jawo igiya mai yawa sama da kanka ka zame, kana iya kaiwa ƙasa. Nemi tsayuwa mai kyau tukuna, ko da sai ƙusar ta zo daidai ƙirji. Idan ƙusar farko ta yi nisa, akwai sandar da ake maƙala ta daga ƙasa, ba raini ba ne amfani da ita.

A wasu wuraren za ka tarar da kwikdiro rataye a dutse na dindindin. Kada ka amince da su don kawai suna nan. Rana tana cin zarensu, igiyoyin mutane masu ƙura suna wasa musu kaifi a kwarin karabina, har ya iya yanke igiya a faɗuwa. Shafa da yatsa kafin ka maƙala, idan ka ji kaifi ka sa naka. A matsayar sama, idan 'yan'uwanka za su hau bayanka da igiyar da ka riga ka rataya a sama, igiya ta bi ta kayanku, kwikdiro biyu da ƙofofinsu na ƙasa ke kallon saɓanin juna, ko karabinoni masu kulle, ba ta zoben da aka kafa ba, don kada ku cinye wa jama'a shi. Kwance kaya daga matsaya kuwa, inda mutum ke zura igiya a zobe yana sake ɗaure kansa a sama, ba abin da za ka koya daga rubutu ba ne, namu ko na wani. Ka roƙi jagoranku ya koya maka a ƙasa, ƙafa a kan turɓaya, sau da yawa, kuma a fitar farko ba laifi ka bar masa wannan aikin gaba ɗaya. Kafin kowane hawa ku duba juna, kulli da ɗamara da na'urar riƙe igiya, a kuma ƙulla ƙarshen igiyar da ke ƙasa. Igiya mai mita 60 layin mita 30 kawai take iya saukar da kai, ƙullin nan shi ke hana ƙarshenta zarcewa ta hannun mai riƙe maka.

Idan kun dawo, ka kakkaɓe musu ƙura, wanda ya jiƙe ya bushe a inuwa, wanda ya sha iskar teku a ɗauraye shi da ruwan daɗi, sannan a ajiye su nesa da rana da batir. Rubuta ranar da ka sa sababbin maɗauran a wani wuri da ba za ka manta ba, domin 'yar takardar da ke jikinsu takan goge kafin wa'adin ya cika. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ka kuma gaishe mana da yayan naka.